Shuɗin Ƙarƙashin Aljihu

A Rietkloof, in aka yi rasuwa mutum uku ake aika wa: fasto, mai haƙa kabari, da Ouma Ragel, wato Kaka Ragel. Biyun farko aikinsu na ranar ne. Ita kuwa Ragel sai an share makoki, baƙi sun watse, sannan za ka hango matar mamacin ta doso gidanta da ƙunshi a ka, tana tafiya tana kallon ƙasa. A cikin ƙunshin akwai riguna da wanduna da duk abin da marigayin ya taɓa sawa. Ragel za ta ɗora kofi, ta shimfiɗa kayan a kan tebur, ta ce, "To, zauna ki ba ni labarin kowacce." In labari ya ƙare sai ta ɗauko almakashi. Kafin sanyi ya zagayo, matar za ta koma gida da bargon ƙyallaye mai nauyi, ta rufa da mijinta har ƙarshen ranta.

Ba ita kaɗai ce mai ɗinka bargo a garinmu ba, kowace mace ta iya haɗa ƙyalle da ƙyalle. Amma kayan mamaci ba kowa ke iya sa musu ƙarfe ba. Hannu yakan yi rawa, ido ya cika, a ɓata rigar da babu irinta. Hannun Ragel bai taɓa rawa ba. Ta yanka kwat ɗin tsohon shugaban makaranta, ta yanka rigar auren Anti Sofia, ta yanka har kayan jaririn da bai kai ga yaye ba, kuma duk wanda ya karɓi bargonsa sai ya ce kamar a tare suka zauna da mamacin. Mu dai muna taƙama da ita, kuma ba ma ɓoyewa. In ɗan garinmu ya je Springbok aka tambaye shi me ake samu a ƙauyensu ban da awaki da iska, sunanta yake faɗa.

A rugar awaki aka haife ta, can bayan dutse, cikin bukkar tabarma. Kakarta ce ta fara ba ta allura, da zaren da aka warware daga bakin buhun gari. Da ta zama budurwa ta yi aikatau a gidan wasu Turawa a Springbok, ta fito da abu biyu: tsohon keken ɗinki na hannu, da bakin da ba ya ragawa kowa. Klaas ya aure ta a haka, bai kuma taɓa kuka da bakin ba, don shi mutum ne da za ka wuni da shi ba ka ji kalma goma ba. Ya yi ƙuruciyarsa a ramin haƙar tagulla, da aka rufe ramin ya dawo kiwon awaki. Ita tana magana, shi yana gyaɗa kai, suka tsufa tare.

Littattafai kuwa da tsufanta suka same ta. Wata mota ce ta laburare ta fara zuwa mana wata-wata, da wata yarinya mai fara'a, Jolene, a cikinta. Ranar farko Ragel ta leƙa ne kawai don ta ga abin da ya tara yara. Jolene ta miƙa mata wani littafi mai faɗi, ta ce, "Ouma, wannan naki ne." Ragel ta ce ita Turancin Ingila ko a mafarki ba ta ji. Jolene ta ce ai hotuna ba su da yare. Ragel ta buɗe, ta ga barguna shafi bayan shafi, ba ta ɗago kai ba sai da direba ya yi hon.

Tun daga nan zaman ɗinkin da mata ke yi ranar Laraba a zauren coci ya canza. Da, gulma ce da allura. Yanzu gulmar tana nan, amma an ƙara littafi a tsakiyar tebur. Ba wanda ya damu da sunayen da aka rubuta a bangon littattafan, su suka raɗa musu nasu. Akwai Mai Kyanwa, don a kowane hoto sai ka ga wata ƙatuwar kyanwa kwance a kan bargon. Akwai Mai Taurari, wanda Ragel ta riƙe har sai da Jolene ta ce za a kore ta daga aiki. Akwai kuma Na Masu Kuɗi, wanda suke buɗewa in suna son dariya.

"Ku tsaya in gane," in ji Anti Hendrina, ƙawar Ragel tun suna 'yan mata, wadda ba ta taɓa yarda da ita a kan komai ba. "Wato mace ta shiga kanti, ta sayi yadi sabo fil, ta zo gida ta yayyanka shi, sannan ta zauna ta sake haɗa shi?"

"Haka littafin ya nuna," in ji Ragel.

"Kuma mijinta yana kallo bai kira mata likita ba?"

Aka kwashe da dariya. Amma duk dariyar da Ragel ke yi idonta na kan shafin, yatsanta na bin layin ɗinkin. Ba ta taɓa kwaikwayon bargo ɗaya yadda yake ba. Takan ɗauki kusurwa a nan, ta ɗauki haɗin launi a can, ta zo ta zuba su cikin tsummokaranmu. Tauraron da ta gani a takarda ya fito a bargon wata gwauruwa da yadin rigar mawaƙan coci. Wasu tsofaffi suka ce ta ɓata ɗinkin kakanni da kayan baƙi. Ta ce kakarta da ta ga littafin nan da ta sace shi.

Sai Klaas ya rasu. Ba jinya, ba sallama. Ya dawo da awaki da yamma, ya zauna a kan dutsen ƙofar gida yana kwance igiyar takalmi, shi ke nan.

Aka yi makoki aka share. Mata suka zuba ido su ga irin bargon da za a yi wa mijin mai almakashi. Sanyi ya zo ya wuce, furanni suka rufe duwatsu suka bushe, shiru. Ragel ta wanke kayan Klaas, ta ninke, ta zuba a akwatin ƙarfe, ta tura ƙarƙashin gado. A cikin wannan lokacin ta yi wa gida biyu bargon mamatansu, hannunta ƙalau. Akwatin dai bai motsa ba.

"Wanzami ba ya son jarfa," in ji Hendrina wata Laraba, ba ta ko rage murya ba. "Kin yanka mazan gari kaf, naki ya gagare ki."

"Ke dai ɗinka abin da ke gabanki, layinki ya karkace," in ji Ragel. "Mutumin nan bai bar min abin aiki ba ne. Kin taɓa ganin Klaas da wani launi? Shuɗin kayan aiki ne tun daga sama har ƙasa, shi ma rana ta cinye shi ya koma toka-toka. In haɗa toka da toka in ce na yi bargo? A ce Ragel ce ta ɗinka wannan?"

Maganar tata da gaskiya a ciki, amma rabi ce. Klaas bai taɓa yarda ya rabu da kayan ramin ba. Da su yake kiwo, da su yake zuwa kasuwa, in ban da Lahadi ba ya sa wani abu. Ragel ta sha buɗe akwatin, ta ga tulin yadi koɗaɗɗe, ta rasa ta inda za ta ɓullo masa. Ɗaya rabin kuwa, wanda ba ta faɗa wa Hendrina ba, shi ne muddin rigunan suna ninke da hannuwansu da wuyansu, gani take kamar mai su ya fita ne zai dawo. Tana kewarsa sosai, kuma ba ta saba da abin da ya fi ƙarfinta ba.

To, a wajenmu akwati ba ya zama har abada. In aka kafa wa mamaci dutse a kabarinsa aka yi taron buɗe shi, duk kayan da almakashi bai taɓa ba sun zama na 'yan'uwansa maza, a ranar ake rabawa. 'Ya'yan Ragel da ke aiki a Cape Town suka aiko cewa dutse ya kammala, za a buɗe shi a tsakiyar sanyi mai zuwa. Ba a jima ba sai ga Oom Sarel, wato Kawu Sarel, ƙanin Klaas, ya zo ya zauna a kicin yana juya hula a hannu.

"Yaya Ragel, ba wai ina gaggawa ba ne," ya ce. "Amma tunda kin ce ba su ɗinkuwa, ni za su yi min amfani. Kin ga nawa duk sun mutu a gwiwa. Tsayinmu ɗaya da shi."

Sarel ba makwaɗaici ba ne, makiyayi ne da iska ke duka a kan dutse, kuma al'ada tana bayansa. Ragel ta ba shi kofi da burodin da aka gasa a toka, ta ce ta ji. Da ya tafi ta tsaya a taga tana kallon bayansa. Tafiyarsu iri ɗaya da Klaas, kafaɗa ɗaya ta ɗan fi ɗaya sauka. Ta hango kanta kullum da safe tana ganin rigar mijinta tana wucewa ta ƙofar gidanta da wani a ciki, har ta yage a ƙaya a yi tsumman goge fitila da ita. Ranar ko abinci ba ta ɗora ba.

Da motar laburare ta zo a watan nan, Jolene ta sauko da sababbin littattafai uku. Biyu sun sha yabo nan take, ɗaya cike da furanni, ɗaya na bargunan yara da jiragen ruwa. Na ukun Hendrina ce ta fara buɗewa, ta tura shi gefe.

"Wannan kuma a bola aka tsinto hotunansa? Jolene, 'yar nan, in tsumma muke son gani ai sai mu zauna a gida."

Ragel ta jawo shi. Babu kyanwa, babu gadon masu kuɗi. Wasu tsofaffin mata ne baƙaƙe a wata ƙasa mai nisa, zaune a ƙofar gidajen katako, hannuwansu irin namu. Bargunansu kuwa na kayan aikin gona ne, koɗaɗɗu, da facin gwiwa da komai, an jera su dogo-dogo ba a ko daidaita bakin ba. Ta yi niyyar rufewa, sai wani shafi ya tsayar da ita. A cikin duk wannan fari-farin shuɗi akwai wasu 'yan murabba'ai masu duhu, shuɗi sosai, warwatse nan da can, su suka riƙe bargon gaba ɗaya.

"Wannan sabon yadi suka saka?" ta tambayi Jolene. "Karanta min. In sabo ne sun yi ha'inci."

Jolene ta bi rubutun da yatsa. "A'a, Ouma. Wai wurin aljihu ne. In aka cire aljihun, yadin da ke ƙarƙashinsa rana ba ta taɓa ganinsa ba."

Ragel ta ƙura wa shafin ido. Shekara nawa tana yanka kayan mutane, aljihu kuwa kullum zagaye shi take yi ta yar, don kauri gare shi, yana karya allura. Ko sau ɗaya ba ta taɓa ɗaga shi ta leƙa ba. Ta sa littafin a hammata ta miƙe, ta bar kofinta ko kurɓa ba ta yi ba.

"Ina kuma za ki?" in ji Hendrina.

"Bola," in ji Ragel.

Rana na tsaka ta jawo akwatin zuwa ƙofar gida inda haske yake. Ta zaro rigar da ta fi kowacce tsufa, wadda ta yi laushi har ana ganin yatsa ta cikinta. Ba almakashi ta ɗauka ba, reza ta ɗauka, ta bi zaren aljihun ƙirji a hankali tana tsinkewa. Da ta ɗaga shi sai ga shuɗi, mai duhu, mai kyau, kamar yau aka fito da shi daga kanti.

Ta san wannan shuɗin. Da shi Klaas ya zo wurin rawa a ranar da aka ɗauke shi aiki a rami, ko gida bai biya ya canza ba, layin ninki na nan a hannun rigar. Samari suna ta yi masa tsiya wai ya zo gyaran famfo ne. Shi kuwa ya tsaya a gabanta, ya kasa cewa komai, sai murmushi. Ita ce ta gaji ta ce, "To, in ba za ka yi magana ba ai sai mu yi rawa." Ashe yaron nan yana nan duk shekarun nan, a ɓoye a bayan aljihu, ita tana wanke shi tana shanyawa ba ta sani ba.

Ta yi kuka a wurin, irin wanda ba ta yi ba ranar jana'iza don tana fama da baƙi. Awaki suka taru suna kallonta. Da ta gama ta share fuska da gefen zane, ta shiga ta ɗauko almakashi. A yankan farko, bakin ya fito a karkace. Ta dube shi, ta bar shi a haka.

Kowace riga da nata shuɗin, don ba shekara ɗaya aka saye su ba. Akwai na ƙarƙashin aljihu, akwai na cikin kalmasa, akwai na bayan facin da ita da kanta ta ɗora tun yara suna ƙanana. Ta shimfiɗa koɗaɗɗun dogo-dogo, ta bar tabon man inji da ƙunar taba inda suke, ta watsa masu duhun a tsakani. Littafin yana buɗe a kan kujera, amma bayan kwana biyu ta daina dubawa.

Sarel ya zo ya tarar da wandunan ɗan'uwansa a yayyanke a kan tebur. Ransa ya ɓaci ƙwarai.

"Haba Yaya! Wannan ai da sauran shekara biyu a jikinsa. Kin ce ba su ɗinkuwa!"

"Na faɗa, na kuma janye. Bakina ne."

"Ni kuma in hau dutse da me?"

Ta shiga ɗaki ta fito da kwat ɗin Lahadi, da babbar rigar sanyi, da takalman da Klaas ke kwance wa igiya ranar da ya tafi. Ta ajiye masa a gaba. "Waɗannan naka ne, ba sai ranar taro ba. Sauran kuwa ni na wanke su shekara da shekaru, ni zan rufa da su." Sarel ya kwashi kayan ya fita ba sallama, ya daina biyowa ta ƙofar gidan.

Lokaci ya ƙure, ga ɗinkin hannu da ya rage, wanda ke haɗa sama da ƙasa da tsohon bargon ulun da aka sa a tsakiya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wata safiya Hendrina ta shigo ba a kira ta ba, da allurarta a maƙale a gaban riga, mata huɗu a bayanta. Ta tsaya a kan aikin ta daɗe tana kallo.

"Har yanzu dai tsumma ne," ta ce. "Matsa min in zauna."

Ranar buɗe dutse aka tashi da iska mai shiga ƙashi. Mutane suka cika maƙabarta, 'ya'ya da jikoki daga Cape Town, tsofaffin abokan aikin Klaas da sandunansu. A al'ada farin yadi ake lulluɓe dutsen da shi, fasto ya yi addu'a, iyali su yaye. Da aka iso sai aka tarar babu farin yadi. Ragel ta riga kowa zuwa, ta lulluɓe dutsen da bargon, ta danne gefensa da duwatsu saboda iska, tana tsaye kusa da shi cikin baƙar rigarta, kai a sama.

Kowa ya zuba wa bargon ido. Sai wani tsoho da suka yi rami tare ya matso, ya nuna wani dogon ƙyalle da sandarsa, ya ce, "Irin wannan aka ba mu shekarar da ruwa ya shiga rami." Wani ya ce ga tabon man injin nan, shi ma yana da irinsa. Kafin ka ce me, maza sun kewaye bargon suna nunawa suna gardama, fasto na riƙe da littafinsa yana jira. Jolene, wadda ta baro Springbok musamman, sai ɗaukar hoto take yi tana share ido. Mu kuwa 'yan gari, kowa ya dubi baƙin nan na birni, don su san irin abin da ake yi a Rietkloof.

Sarel ne na ƙarshen matsowa, cikin kwat ɗin yayansa. Ya durƙusa, ya ɗora tafin hannu a kan wani faci mai ƙuna a gefe. Ya ce wannan a ruga aka yi shi, daren da damisa ta shiga garke, Klaas ya fizgi itace mai wuta ya bi ta. Bai ɗaga hannun ba har aka gama addu'a.

Fasto ya ce iyali su yaye. 'Ya'yan suka kama gefe, Ragel ta kama gefe, aka ɗaga, sunan Klaas ya fito a kan dutse, aka ɗauki waƙa. Ragel ta fara ninke bargon a ƙirjinta. Iska ta taso da ƙarfi ta bi ta kan kabarin. Sarel ya kama bakin bargon, idonsa jajir.

"Yaya, bar masa shi ko na yau kaɗai. Kin san shi da jin sanyi."

Ragel ta dubi dutsen, ta dubi Sarel. Ta zare bakin bargon daga hannunsa a hankali, ta warware shi, ta yafa a kafaɗarta, ta ja shi har wuya.

"Na san shi kuwa," ta ce. "Tun daren aurenmu mutumin nan yake janye min bargo, in farka ina rawar ɗari, ban taɓa ce masa komai ba. Yau kam sai ya yi haƙuri. Ni zan rufa."